Benci ashirin, madubi biyu, da yarinyar da ban gani ba

Shekara goma sha tara ke nan ina koyarwa, bakwai daga cikinsu ina direktan makaranta a wani ƙauye da ke bakin babbar hanyar nan da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram, wato RN1. Ban san iyakar sau nawa na tsaya gaban yara da safe, bayan an ɗaga tuta, ina ja musu kunne a kan kwalta ba. Ku duba dama da hagu. Kada ku yi tsere. Kada ku kama bayan kamiyo. Ko sau ɗaya ban taɓa kawowa a raina cewa ranar da mota za ta kayar da ɗaya daga cikinsu ni ne zan kasance riƙe da sitiyari ba.

Abin ya faru ne a watan Oktoba, mako uku da komawa makaranta. Kwamitin iyayen yara ya yi karo-karo, aka ba wani mai walda a Maraɗi aikin benci ashirin, irin mai haɗe da tebur, domin ƴan CI da ke zaune a kan buhuna. Kuɗin ya ƙare cif a kan aikin, ba a bar na dako ba. Ƙanena yana da tsohuwar Hilux da wata ƙaramar tirela, wadda direbobinmu ke kira remork, da yake dakon aya da wake da ita ranar kasuwa. Ya ce in ɗauka, mai kawai zan zuba. Shi zazzaɓi ya kwantar da shi a makon. Ina da permi tun da daɗewa, na kuma sha tuƙa motar, sai dai ban taɓa jan komai a bayanta ba. Na ce a raina, ai tuƙi tuƙi ne.

Muka loda benci takwas a bayan motar, goma sha biyu a tirela, an kifa wasu a kan wasu, ƙafafunsu na ƙarfe sun leƙo waje ta kowane gefe. Muka ɗaure da igiya tamau. Da na shiga na duba madubin dama, benci na gani. Na duba na hagu, benci. Na ciki kuwa tuni kaya suka toshe shi. Na tuna sarai na yi dariya, na ce wa yaron mai walda yau kam sai dai mu duba gaba. Shi ma ya yi dariya. Da dariyar nan na bar Maraɗi.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na iso daidai inda ƴan CEG ke biyo hanya idan an tashi. Duk wanda ya san hanyar ya san su: jerin kekuna a bakin kwalta, wasu da goyo, jakunkuna a kariya, hijabai na kaɗawa. Na rage gudu, na danna oda, na buɗe kaɗan zuwa hagu na fara wuce su ɗaya bayan ɗaya. Sai ga kamiyo ya taho daga gaba yana ƙyafta mini fitila. Na waiga ta tagar dama na ga na wuce yarinyar da ke kan gaba, sai na koma hannuna. Motar ce ta wuce ta. Abin da motar ke ja bai wuce ta ba tukuna, ni kuwa a wannan daƙiƙar na manta da shi kwata-kwata.

Ban ji ƙara ba, ban ji girgiza ba. Na yi tafiyar da ta kai kilomita guda kafin wani ɗan kabu-kabu ya cim mini, yana buga ƙofa da tafin hannu yana cewa, «Malam, ka kayar da yarinya! Ka kayar da yarinya!» Har yau idan na tuna, wannan kilomitar ce ta fi tsaya mini a rai fiye da faɗuwar kanta. Ina tafe hankalina kwance, ina lissafin yadda zan jera benci a aji.

Da na dawo na tarar da ita zaune cikin rairayi, ƴan uwanta sun kewaye ta. Ƙafar benci ce ta kamo maratayin jakarta ta fizge ta, keken ya zame daga bakin kwalta, ta faɗi ta dama ta tokare da hannu. Ta ɗago kai ta dube ni ta ce, «Mushe, ina wuni.» Ɗalibata ce. Shekara biyu kafin nan ta gama CM2 a hannuna. Ni ne kuma na yi ta zarya gidansu har sau uku ina roƙon mahaifinta ya bar ta ta ci gaba, da ya ce kwalejin ta yi nisa, ni na ce masa keke zai raba gardama. Akuya ya sayar ya saya mata shi.

Hoton da aka yi mata a Maraɗi ya nuna karaya a wuyan hannun dama, hannun da take rubutu da shi. Maganar ba ta kai ga jandarma ba. Mahaifin ya ce ba ya so, mai gari ya zaunar da mu, na ɗauki nauyin magani da gyaran keke. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na san don su sanyaya mini rai suke faɗa, na kuma gode musu. Amma ni na san na ga benci a madubi tun a ƙofar mai walda, na yi dariya, na tayar da mota.

Abin da ya fi karayar nauyi ya zo bayan kwana biyu. Na je dubiya da yamma, mahaifin ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa. Bai ɗaga murya ba, da ma ba mai hayaniya ba ne. Ya ce, «Mushe, kai da ka san ta ma ka buge ta. To wanda bai san ta ba fa?» Ya ce idan ta warke zamanta za ta yi a gida. Ban sami abin cewa ba. Duk hujjojin da na taɓa kawo masa a zauren nan, da hannuna na rushe su. Na san kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai iyaye huɗu ko biyar a ƙauyen da da ma da rabin zuciya suka bar ƴaƴansu mata suna hawa hanyar, suna jira su ga yadda wannan za ta ƙare.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana jan manyan motoci tsakanin Kwatano da Maraɗi, yanzu ido ya yi rauni ya ajiye. Shi kaɗai ne bai ce mini tsautsayi ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in kawo motar da tirelar da abin awo. Na ce, «Baba, ai na san girmanta.» Ya ce ido ya san kima, amma ba mudu ba ne, in auna.

Muka auna. Faɗin motar mita 1 da santimita 80 ne ko ƙasa kaɗan. Tirelar mita 2 da santimita 10. Da muka kwatanta yadda ƙafafun benci suka leƙo, kayan sun kai mita 2 da santimita 40. Ke nan ta kowane gefe akwai santimita 30 na ƙarfe da ya zarce jikin motar da nake zaune a ciki. Tsawo kuwa, mota da tirela da sandar da ta haɗa su sun tasam ma mita 10, ninki biyu na abin da hannuna ya saba da shi. Ya ce matsalar ke nan. Jikin direba yakan haddace girman motarsa kamar yadda mutum ya san faɗin kafaɗarsa idan zai shiga ƙofa, ba ya tsayawa lissafi. Ranar da aka ƙara masa wutsiya, jikin bai sani ba, tsohon awon yake bi. Idan babu madubin da zai riƙa tuna masa, zai koma hannunsa da wuri kamar yadda na yi.

Shi ya fara gaya mini akwai madubin da aka yi musamman don wannan. Ashe a Turai, inda mutane ke jan ɗakunan kwana masu taya a bayan ƙananan motoci idan za su hutu, abu ne da kowa ya sani. Iri biyu ne. Akwai wanda ake cire madubin mota gaba ɗaya a sa shi, hannunsa kamar eriyar rediyo, a jawo shi waje idan za a ja kaya, a tura shi ciki idan an gama. Akwai kuma na ɗaurawa, wanda ake maƙalawa a jikin madubin asali da maɗauri na roba ko ƴan ƙusoshin matsewa. Da na bincika daga baya na tarar a Ingila doka ce: mai jan irin wannan ɗaki dole ya iya hangen fili mai faɗin mita 4 daga gefen abin da yake ja, a nisan mita 20 a bayansa, ta kowane ɓangare. Dokar ta kuma iyakance tsawon madubin, kada ya zarce mafi faɗin abin da ake ja da fiye da santimita 25, idan kuma an kwance tirela a cire shi. Wannan rabin na biyu ban ba shi muhimmanci ba a lokacin. Zan dawo kansa.

Na sami na ɗaurawa guda biyu, na hannu, wurin masu sayar da kayan mota a Maraɗi. Kuɗinsu bai kai abin da na kashe a hoton ƙashi da gyaran keke ba. Na ɗauka da an maƙala shi ke nan. Dattijon ya ɓata mini yamma guda cur a kan saitinsu. Aka miƙe mota da tirela a layi ɗaya a fili. Ya sa na zauna yadda nake zama idan ina tuƙi, ba tare da na miƙa wuya ba. Madubin asali ya ce a bar shi yana nuna gefen mota da abin da ke kusa, kada na ɗaurawar ya rufe shi. Na ɗaurawar kuma a juya shi har sai na ga ɗan siririn gefen tirela tun daga gaba har kusurwarta ta baya, da tayarta inda ta taɓa ƙasa, sauran gilashin duk hanya. Ya aiki jikansa ya yi taku ashirin da biyar a baya, ya riƙa matsawa gefe, ni kuma ina faɗin inda ya ɓace mini.

Ya ja mini kunne a kan gilashin. Wani shimfiɗaɗɗe ne, yana nuna nisan abu yadda yake, amma filin da yake kamawa kaɗan ne. Wani mai doro ne, yana kama fili mai yawa, sai dai yana ƙanƙanta abu har ka zaci yana nesa alhali yana kusa. Nawa masu doro ne. Ya ce idan na ga keke a ciki kamar ƙuda, in ɗauka yana dab da ni. Ya ce kuma maɗaurin roba ba ya jure rana da hanyar burji, kowace tsayawa in sa hannu in girgiza shi in ji, kada kuma in kuskura in gyara shi mota na tafiya. Kallon ma na ƙyaftawar ido ne. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Wanda ya ƙura wa madubi ido daƙiƙa biyu yana sha'awar yadda yake ganin baya, ya yi tafiyar da ta fi tsawon aji biyu bai ga gabansa ba.

Sai ya ɗauko gwangwanin tumatir ya ajiye a ƙasa, ya ce in sha kwana ta dama in kewaye shi. Na sha kwanar a hankali, tayoyin motar suka wuce shi da tazarar taku guda. Sai na ji ƙaras. Tayar tirela ta take shi ya zama faifai. Ya nuna mini sawun a rairayi: na mota daban, na tirela daban, na tirelar ya yanko ta ciki. Tirela ba ta bin sawun uwarta a kwana, gajeriyar hanya take bi, tsawonta kuma shi ke ƙara yankan. Mu da muke tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu, wannan kusurwar ta dama ita ce mafi nisa daga idon direba, ita ce kuma daidai inda mai keke yake tsayawa a mararraba yana jira. Dattijon ya ɗaga gwangwanin ya miƙo mini, ya ce in kai makaranta.

Na kai. Ranar wata Laraba na shigo da motar da tirelar cikin filin makaranta, na cire madubin ɗaurawar, na fito da ƴan CM1 da CM2. Na sa ɗaya daga cikin malamaina ya zauna a kujerar direba, na riƙa jera yara a gefen dama na tirela da bayanta, ina tambayarsa, «Mushe, ka ga wani?» Yana cewa a'a. Sai da na tsayar da yara goma sha bakwai bai ga ko ɗaya ba. Daga nan na riƙa ɗora su kujerar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga yadda abokansa suka ɓace. Wani yaro ya fito yana rantsuwa wai sun gudu ne, sai da ya zagaya ya gan su tsaye. Na mayar da madubin, aka sake gwadawa, yawancinsu suka bayyana. Uku ba su bayyana ba: biyun da ke bayan tirela daidai tsakiya, da ɗaya da ya tsuguna kusa da sandar haɗi. Muka yi na gwangwani ma, suka yi ta ihu.

A ranar na ba su doka guda wadda ban taɓa ba su ba a duk shekarun da na yi ina faɗa a gindin tuta: idan ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Na lura ta fi zama a kansu fiye da duk «kada» da «kada» da na saba jerowa, watakila don sun zauna a kujerar sun gani da idonsu. A Faransa tun 1 ga Janairun 2021 ake tilasta wa motocin da suka haura tan 3.5 su manna takarda a jikinsu mai nuna wuraren da direba ba ya gani. Wasu tsofaffin kamiyo da bas da ake shigo mana da su suna zuwa da ita, mai ja da ruwan ɗorawa. Yaranmu suna karanta Faransanci. Babu wanda ya taɓa tsayar da su ya ce ga abin da take nufi.

Yanzu ga rabin da na ce zan dawo kansa. Ƙanena ya warke ya karɓi motarsa, madubin kuma ya burge shi. Ya ce motar ta yi kwarjini, kamar bijimi mai ƙaho. Sai ya bar su a ɗaure ko da tirela ko babu. Wata ranar kasuwa ina zaune a gefensa, muna kutsawa cikin cunkoso, ba ma jan komai, na ga madubin dama ya shafi kafaɗar wani dattijo da ke tura keke da ɗaurin rake. Gudun bai kai na mai tafiya da ƙafa ba, mutumin ya yi tangaɗi kawai ya bi mu da harara. Da muka koma gida na ɗauko abin awon nan. Daga ƙasa zuwa madubin mita 1 da santimita 25 ne ko kusa da haka. Na kira ɗana mai shekara goma sha biyu na ce ya hau kekensa ya tsaya a gefen motar. Madubin ya zo masa daidai tsakanin kafaɗa da kunne.

Na ce wa ƙanena ya duba. Abin da na sayo don kada a sake kayar da yaro, ga shi ya zama sanda a miƙe daidai kan yaro. Idan akwai tirela, faɗin da madubin ya ƙara bai wuce na tirelar da ke biye da yawa ba, direba kuma yana sane da cewa shi mai faɗi ne. Idan babu tirela, jikinsa ya koma tsohon awo, yana matsawa kusa da mutane yadda ya saba, alhali yana da ƙarin tsawon hannu ta kowane gefe. Ya ce, «Yaya, kai ma dai tun da abin nan ya faru komai tsoro yake ba ka. Cirewa da mayarwa kullum ai wahala ce.» Na sa agogo na cire su a gabansa. Minti biyu bai cika ba. Ya yi shiru, amma ban ce na rinjaye shi ba. Wani lokaci yana cirewa, wani lokaci sai na gan su a miƙe na bi shi da faɗa. Da kuɗi sun ishe ni da na sa masa irin mai shiga da fita, wanda turawa kawai ake yi.

Ba zan ɓoye laifin namu ɓangaren ba, mu iyaye. Muna saya wa yaro keken da ya fi ƙarfinsa don ya girma da shi, ƙafarsa ba ta kai ƙasa sai ya karkata. Da na duba kekunan da ke jingine a bangon CEG wata rana, da yawa ba su da birki ko ɗaya, da silifa ake taka taya. Fitila kuwa ko abin ƙyalli na baya sai ka nema. Ga hunturu, lokacin da hazo ke rufe hanya da safe har mai mota ba ya hangen abin da ke gabansa da nisa, yaro sanye da tufa mai duhu. Muna ɗora masa ƙanensa a kariya, wani lokaci da galan na ruwa. Gyaran birki bai kai kuɗin katin waya na mako ba. Yanzu a taron iyaye na farkon shekara ina sa wannan a jerin maganganu, tsakanin kuɗin alli da maganar gyaran rufi.

Duk da haka, da na auna abin da kyau, nauyin ya fi karkata ga mai mota, kuma da nisa. Yaro a kan keke ba shi da madubi. Bakin kwaltar da muke cewa ya matsa can ya zaizaye, akwai gaɓa tsakaninsa da rairayi, tayar keke kuma idan ta faɗa rairayi tsayawa take yi nan take ta jefar da mai ita. Iskar babbar mota tana tura shi waje, sannan ta zuƙo shi ciki bayan ta wuce. Odar da muke danna masa don ya kauce, sau da yawa waiwaye take sa shi, mai keke kuma idan ya waiga ta kafaɗar hagu hannunsa yakan bi kansa, sai ya karkato cikin hanya. Na gwada da kaina a filin makaranta, ni babba, sai da na kauce daga layin da na ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shekarun da ke zaune a azuzuwanmu ke nan, da na malaman da muke ɗauka sababbi.

Dokar hanya ta Faransa ta ce mai wuce keke ya bar tazarar mita 1 a cikin gari, mita 1 da rabi a wajen gari. Ingila ma ta sa mita 1 da rabi a ƙa'idojinta a 2022. Na tsaya a bakin hanyarmu na kwatanta. Idan ina jan tirela, ba yadda za a yi in bar wa keke mita 1 da rabi, ana lissafi daga bakin kayana ko bakin madubina, ba tare da na shiga hannun masu tahowa ba. Ma'anarsa a aikace ita ce idan akwai mota a gaba, babu wucewa. Sai in zauna a bayan keken in jira. Wannan shi ne abin da ya kamata in yi ranar nan, ya kuma fi kowane madubi arha. Daƙiƙa goma ko goma sha biyar zai ci mini. Idan hanya ta buɗe na wuce, ba na komawa hannuna sai na ga mai keken gaba ɗayansa a madubin dama, a bayan kusurwar tirela, da fili tsakaninsu.

Yarinyar ta yi mako shida hannu a ɗaure. Kowace Asabar ina karɓo littattafan wata ƙawarta in kai mata, matata kuma ta riƙa kwafe mata darussa. Ban sake yi wa mahaifin maganar makaranta ba, don ba ni da bakin yi. Ranar da na yi gwajin nan a fili, ashe yana cikin mutanen da suka leƙo ta kan katanga. Bayan an kwance ɗaurin da kwanaki ya aiko a kira ni. Ya ce za ta koma, amma ba ta kwalta ba. Akwai wata hanyar amalanke da ke bi ta cikin gonaki, ta fi tsawo, rairayi kuma ya yi yawa a wasu wurare har sai an sauka an tura. Ya ce ta nan za ta bi, ita da sauran ƴan matan, har sai an kai bakin garin. Na ce, «To, Baba, na gode.» Ya ce ba don ni ya yi ba, ita ce ta hana shi barci da kuka.

Hanyar gonakin tana ƙara musu kusan rabin awa, suna yawan makara a darasin farko, na kuma je na yi wa direktan CEG bayani da kaina. Da damina ta faɗi aka shuka gonakin, hanyar ta ƙuntata, wasu daga cikin ƴan matan sun koma kwalta. Ita ba ta koma ba. Bana take shirin BEPC. Rubutunta ya ɗan canza, ya karkata, ta ce hannun yana mata tsami idan sanyi ya sauko.

Makon jiya na sake jan tirelar, wannan karon da buhunan siminti na gyaran aji. Na iske ƴan CEG a daidai wurin nan, ga motoci na tahowa daga gaba a jere. Na sauka zuwa giya ta biyu na bi bayan keken ƙarshe. Wani mai bas ya matso bayana yana ta danna oda, ina hangensa a madubin hagu yana fito da hannu ta taga yana tambayata ko lafiya. Mun yi tafiyar da ta kai mita ɗari biyar a haka kafin hanya ta buɗe. Da ya zo wuce ni ya leƙo ya ce, «Malam, in ba ka iya ba ka ba yaro mana!»